Motar da Muka Auna wa Mutum Ɗaya

Na yi aikin bugun bodin mota a ƙasashe da dama. Na yi a Abijan, na yi a Ikko, na yi a Kartum da Jidda, har na taɓa zama a wani gareji a Marsel inda sanyi yake hana mutum riƙe guduma da safe. Ko'ina na ga gwanaye, amma sau ɗaya tak na haɗa hannu da wani muka ƙera mota tun daga ƙasa. A Kumasi ne, a shekarar 1969, ni da wani abokina, kuma har yau ban san ko aikin namu ya yi ba.

Abokin nawa fita ne, haka muke kiran makanike a can. A Zango aka haife mu duka biyu, lungu ɗaya ne tsakanin gidajenmu, kuma rumfarsa tana jingine da tawa a Magazin, unguwar masu gyaran mota. Shi gajere ne ƙwarai, ni kuwa sai na sunkuya nake shiga ɗakinmu, saboda haka tun muna makarantar allo yake ce mini dogo, ni in ce masa gajere. Giyabos ne aikinsa. Ba ya taɓa inji sai dole. Direba zai tsaya a bakin rumfa ya fara dogon bayani, sai ya ɗaga masa hannu ya ce ya ja motar zuwa bakin kwata ya dawo, shi kuma ya karkata kai yana saurare. Kafin direban ya kashe inji ya riga ya zaɓi sifanar da zai fara da ita.

A farkon shekarar wani mai sayar da katako ya tafi da shi wajen Ankara, babban birnin ƙasar, don ya duba masa mota. A can ya ga wani tsohon filin jirgi inda Turawa da Kwarori suke tseren ƙananan motoci ran Lahadi. Ya dawo ba shi da wata magana sai wannan.

"Dogo, ba wani abu ba ne fa," in ji shi. "Inji ne da taya huɗu, da mutum a kwance a tsakiya. Abin da muke takawa a ƙasa a nan Magazin ya isa a yi biyu."

"To wa zai bar ka ka shiga cikinsu?"

"An ce duk wanda ya zo da tasa. Bayan sabuwar shekara za su yi babba."

"Kai da kake buƙatar matashi kafin ka hango titi?"

"Shi ya sa Allah ya yi ni haka. Kai ka taɓa ganin raƙumi a tseren doki?"

Ba mu da abin sayen sabon kaya, kuma ba mu nema ba. Akwai irin ƙaramar motar Jamus ɗin nan mai inji a baya, wadda muke kira kunkuru, da ta wuntsila a hanyar Atonsu mai ita ya haƙura da ita. Daga jikinta muka ciro inji da giyabos da ƙafafu. Ƙashin motar kuwa da bututun ruwa na ƙarfe muka yi shi, mai walda ya haɗa mana a lokutan da ba shi da aiki. Ni na samo fallayen alminiyam daga gefen wata tsohuwar bas, na jingine su a bayan rumfa suna jira.

A kunkuru inji yana bayan ƙafafun baya, giyabos yana gabansa. Abokina ya ce a motocin da ya gani nauyin injin yana tsakiya, dab da bayan direba, don kada gindin mota ya riƙa wulgawa a kwana. Sai ya juya su gaba ɗaya, inji ya dawo gaba, giyabos ya koma baya. Ya ja doguwar sanda daga wajen zaman direba ta zagaya har bayan giyabos. Aikin ya yi kyau a ido, har mutane suka fara tsayawa kallo.

Ranar da za a fara tayar da ita rumfarmu ta cika. Ba bodi, ƙashi ne kawai da inji da wani katako da ya ɗora ya zauna. Injin ya tashi da ƙara, don ba salansa. Ya taka kuloci, ya sa ta ɗaya, ya ɗaga mana gira, ya saki ƙafa. Motar ta zabura da baya, ta ture teburin mai koko, ta tsaya a jikin tulin tayoyi. Ya ce hannunsa ne ya kuskure. Aka turo ta, ya sa ta biyu, ta sake yin baya, da sauri fiye da na farko. Ta uku ma haka. Da ya sa ribas sai ta taho gaba a hankali kamar amarya.

Magazin ta ɗauki ihu. Mai koko tana zagi da Hausa tana ƙarasawa da Tuwi, yaren mutanen garin. Maƙwabcinmu, wani Ba'asante mai gyaran lagireto, ya riƙe ciki yana dariya, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Masta, wannan mota yana so ya koma garin babanka!"

Kowa ya yi dariya, har da abokin nawa, wanda bai taɓa ganin garin babansa ba.

Kafin la'asar ya gano abin da ya faru. A cikin giyabos akwai wani babban faifai mai haƙora wanda yake miƙa juyi ga ƙafafun baya. Tunda ya juya akwatin gaba ɗaya, faifan ya koma yana tura ƙafafun ta inda ba a so. Ya farke akwatin, ya ciro faifan ya mayar da shi ɗaya gefen, ya yi ta saka siraran zobban ƙarfe yana cirewa, yana shafa shuni a haƙoran yana duba inda suke cizo, har ya gamsu. Motar ta koyi tafiya gaba. Abu ɗaya ya rage a juye, wato sandar giya. Saboda zagayen da ta yi, inda kowane direba ya san ta ɗaya a nan ta uku take, inda ya san ta uku a nan ta ɗaya take. Na ce ya gyara. Ya ce wa zai tuƙa in ba shi ba?

Tunda akwatin yana buɗe, sai ya yi wani abu kuma. Ya ce ta huɗun kunkuru gajera ce, an yi ta don mai zuwa kasuwa. Ya tono wasu haƙora biyu daga wani giyabos dabam, ya yi ta goga da gwaji har suka zauna, ya sami ta huɗu mai dogon zango. Muka kai motar bayan gari ya gwada, har lokacin ba bodi. A ta uku injin yana kuka kamar zai tsage. Da ya jefa ta huɗu sai kukan ya faɗi, motar ta yi nauyi, gudun ya riƙa raguwa maimakon ya ƙaru.

Na ce, "Ka zaƙe, gajere. Injin ba zai iya jan wannan ba."

Ya fito yana share hawayen da iska ta sa shi. "Zai iya. Ba nauyi ne ya hana shi ba, iska ce. Tana dukan ƙirjina, tana dukan injin, tana shiga kowane lungu tana riƙewa. In ka rufe mu yadda za ta zame ta wuce, zai ja." Ya buga mini sifana a kafaɗa. "Daga ta ɗaya zuwa ta uku aikina ne. Ta huɗu taka ce."

Ni ban taɓa tunanin iska a matsayin abin da ake yi wa aiki ba. Abin da na sani shi ne a miƙar da abin da ya lanƙwashe. Da na zauna tunani sai na tuna jiragen ruwan da na gani a Yeji ina yaro, yadda hancinsu yake tsaga kogi. Na ce ruwa da iska ai 'yan uwa ne. Na buga hanci mai tsini, mai ɗagowa sama kamar na kwalekwale.

Hanyar gwajinmu ita ce motar goro. Wani direba ɗan unguwarmu yana ɗaukar goro zuwa arewa, in zai je ƙauyuka lodi yakan fita ba kaya. Muka ɗaure hancin a kan rufin motarsa, na karɓo guntayen zare a wajen wani tela na liƙa su ko'ina a jikinsa da ƙaro, na kwanta rub da ciki a bayansa ina kallo. Inda zare ya kwanta lif, iska tana wucewa lafiya. Inda yake rawa ko ya juyo baya, a nan take riƙewa. Motar tana ɗaukar gudu sai hancin ya fara ɗagawa yana fizgar igiya, kamar zai tashi da ni. Na yi ta dukan rufi har direban ya tsaya.

Abokina ya leƙo daga gaba ya ce, "Ni na yi mai komawa baya, kai ka yi mai tashi sama. Saura wanda zai yi mana mai nutsewa ƙasa."

Kwalekwale so ake ya hau kan ruwa, mota kuwa so ake ta lafe a ƙasa. Na kifar da hancin, tsinin ya dubi titi, muka sake hawa. Wannan karon sai ya danna rufin, zaren gaba duk suka kwanta. Na baya ne suka ƙi. Duk inda bodin ya yanke kwatsam, zaren wajen sai ya riƙa juyawa kamar an sa masa wuta. A haka na gane cewa yadda iska take rabuwa da mota ya fi yadda take haɗuwa da ita wahala, kuma sai na yi doguwar jela mai tsukewa a hankali tun daga ƙeyar direba. Shekaru bayan haka maigidana na Marsel ya nuna mini hoton wata motar tsere a cikin ɗakin gwaji mai ƙatuwar fanka, jikinta duk guntayen zare. Ya yi ta yi mini bayani da Faransanci, ni kuwa ina kallon hoton ina jin warin ganyen goro.

Sauran abin da ya rage shi ne faɗi da tsayi. Duk abin da aka ƙara, iska za ta samu wajen kamawa. Muka yanke cewa zai tuƙa a kishingiɗe, bodin kuma ya bi jikinsa, kada a bar ko tafin hannu na banza. Wata Juma'a bayan an sauko, muna tsakar gidansu, na ce ya kwanta a tabarma in auna shi. Ban zo da tef ba, sai na jawo wata gwangwala da ke jingine a bango. Ya miƙe ya haɗa ƙafafu, ya sa hannaye a gefe, na shimfiɗa gwangwalar a jikinsa daga kai zuwa diddige ina shirin yin alama da wuƙa.

A daidai nan mahaifiyarsa ta fito daga madafa. Mma muke ce mata, ni da shi duka. Ta saki kwanon da ke hannunta.

"Innalillahi! Me nake gani?"

"Mma, awo ne kawai," in ji shi daga kwance.

"Tashi! Tashi na ce!" Ta fizge gwangwalar daga hannuna, ta taka ta da ƙafa ta karya, ta jefa guntayen cikin murhu. "Kai dogo, a gidanku haka aka koya maka? Wa ake aunawa da kara yana kwance?"

Sai a lokacin na ga abin da ta gani. A wajenmu ba a auna mai rai haka. Masu haƙan kabari ne suke zuwa da kara su gwada mamaci, su tafi da shi maƙabarta. Na yi hakan da hannuna ga mutane da yawa, amma ranar hankalina yana kan iska.

Ta zauna a bakin ƙofa tana kuka, tana cewa wannan mota ita za ta ci mata ɗa, mun ma riga mun auna ramin. Muka durƙusa muna ba ta haƙuri har aka kira la'asar. Ba ta yarda da motar ba, amma ta yarda da abu ɗaya: in dole sai an auna shi, a kai shi wajen tela, a zaune, da tef, kamar kowane mai rai.

Telan ya rataya tef a wuya ya ce, "Riga ko wando?"

"Mota," in ji abokina.

"To, da aljihu ko babu?"

Ya auna kafaɗa, ya auna ƙugu, ya auna daga gwiwa zuwa ƙasa, har da zagayen kai. Da wannan awon na buga bodin. Na lanƙwasa alminiyam a kan kututturen itace, ina bugu ina gwadawa a jikin ƙashin motar. Zuwa ƙarshen damina hanci da gefuna da murfin sama sun zauna. Jela ce ta rage, ita ce kuma mai wuya, don doguwa ce kuma ba ta son ko ɗan tudu.

Dokar ta zo a cikin azumi. A rediyon mai shayi muka ji: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya nema cikin ɗan gajeren wa'adi, ko ya bar ƙasar. Da farko ba mu ɗauka da mu ake ba. Baƙo a wajenmu shi ne wanda ya sauka jiya da jakarsa. Amma mahaifin abokina daga ƙasar Katsina ya zo da ƙafa a ayarin goro, tun yana saurayi, ya yi aure a Zango, ya mutu a Zango, yana kwance a maƙabartar Tafo. Bai taɓa riƙe wata takarda ba, bai bar wa ɗansa ba. Ni kakana a Salaga aka haife shi, uwata Badagomba ce, saboda haka ni ɗan ƙasa ne. Hausa ɗaya muke yi da shi, sahu ɗaya muke tsayawa, Tuwinsa ma ya fi nawa. Ya yi kwanaki yana bin layi da azumi a bakinsa, ya dawo hannu wofi.

Na zauna a ƙasashen da ni ne baƙon, na san yadda ake kallon mutum in takardarsa ta ƙare. Amma a duk waɗannan wuraren na san ina da inda zan koma. Zango a makonnin nan wani abu ne dabam. Mutane suna fitar da gadaje da kekunan ɗinki bakin titi, ba mai saye. Sahun asham yana raguwa kullum. Tsofaffi suna tambayar direbobi sunayen garuruwan da iyayensu suka ambata, ko har yanzu suna nan.

Abokina ya sami wuri shi da Mma a wata babbar mota da za ta tashi ran Alhamis. Ya raba sifanunsa ga maƙwabta. Ran Talata ya zo rumfata ya tarar ina bugun jela, ban ko kai rabi ba.

"Bar ta," ya ce. "Ɗaura abin da ke akwai. Gobe da safe."

"Ba jela ba za ta ja ba."

"Wataƙila ta ja. In ji da kunnena dai."

Da hantsi ran Laraba maƙwabcinmu mai lagireto ya ja mu da akori-kurarsa, muka wuce Sofoline muka bi hanyar Sunyani har inda titi ya miƙe. Abokina ya cire takalma ya zura ƙafafu, ya sulale ciki kamar ƙafa a cikin huffi. Na ɗora murfin sama na ɗaure. Kansa kaɗai ake gani, da tabarau na mai walda da ya cire wa baƙin gilashi. Bai yi wasa ba ranar. Ya ce, "Ka saurara," ya tafi.

Na tsaya a gefen titi na karkata kai yadda yake yi. Ta ɗaya gajera. Ta biyu. Ta uku ta ɗauka tana hawa, tana hawa, motar ta zama ɗan farin abu a can inda titi ya fara gangara, ta ɓace. Kukan ya kai inda na san yanzu hannunsa zai motsa. Sai ya yanke. Ba faɗuwar ta huɗu ba ce, ɗaga ƙafa ne, na ji ƙarar birki a bayansa.

Muka bi shi da akori-kura, ina tuna gwangwalar Mma. Muka tarar da shi lafiya, ya fito yana tsaye ba takalmi. A bayan gangaren wata babbar mota ce ta mutu a tsakiyar titi, cike da masu barin ƙasa ta iyakar yamma. Sun sauko sun bazu a kan kwalta da ƙullin kayansu. Wata tsohuwa tana zaune a kan turminta a daidai inda zai wuce.

"Hannuna yana kan sandar," ya ce mini.

Direban babbar motar ya gane shi, ya taho da gudu. "Masta! Allah ne ya kawo ka. Ta ƙi shiga kowace giya, ga mutane, ga wa'adi."

Na ce masa a hankali, "Mu tura tamu gaba da su, titi a buɗe yake can. Minti kaɗan ne."

Ya dubi titin, ya dubi mutanen. Yara suna kuka, rana ta fara zafi, yawancinsu da azumi. Ya ce wa mai lagireto, "Ara mini sifanun da na ba ka jiya." Ya shiga ƙarƙashin motar.

Bai fito ba sai bayan azahar. Motarsu ta tashi, suka hau suna sa masa albarka da harsuna iri-iri. Amma zuwa lokacin titin ya cika, manyan motoci suna bin juna da kaya har sama, ba inda ƙaramar mota za ta miƙe. Muka jira har rana ta karkata, ba su yanke ba. Muka ɗaura igiya muka jawo ta gida.

Washegari na raka su tasha. Mma tana zaune a kan ƙullin kayanta, ta rufe kai da mayafi. Tun ranar gwangwala ba ta cika yi mini magana ba. Na durƙusa in yi mata sallama, sai ta kama hannuna.

"Na yi ta tsoron motarku a banza," ta ce. "Ni ya kamata ka auna ran nan, dogo, tun ƙasar nan tana karɓarmu. Ga mahaifinsa can a Tafo shi kaɗai."

Abokina ya ɗaga ta ya sa a mota, ya hau, ya leƙo ta tsakanin katakai ya ce, "Ka gama jelar." An yi sallah babu su.

Na gama ta a farkon 1970. Ita ce aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi. Na ɗora ta a motar goro, zaren duk suka kwanta har ƙarshe, ba ko ɗaya mai rawa. Na haɗa ta da motar, na tsaya ina kallo, sannan na cire takalma na gwada shiga. Gwiwoyina suka tokare, kafaɗuna suka ƙi wucewa. Na cire murfin sama na zauna a miƙe, rabin jikina a waje, muka koma hanyar Sunyani. Na lallaɓa sandar a juye har na kai ta uku, na jefa ta huɗu. Iska ta daki ƙirjina kamar an tura ƙofa, kukan injin ya faɗi, gudun ya ragu. Wannan bai nuna komai ba. Ni ne na tsaya wa iskar a hanya.

Mai lagireto ya kawo wani ɗan tasi gajere. Ya shiga, murfin ya rufu da ƙyar. Na yi masa bayanin sandar, ya ce ya gane, amma hannunsa ya riga ya saba da nasa. Tun bai bar bakin rumfa ba ya nemi ta uku a inda ta ɗaya take, haƙoran suka yi wata ƙara da na ji har cikin haƙorana. Ya sake, suka sake. In suka karye babu mai zaunar da su kuma. Na ce ya fito. Wasu sun ce in yanka bodin in faɗaɗa in shiga da kaina. In na yi haka ta zama wata motar, ba wadda aka yi wa ta huɗun ba. Tseren da ake magana ya zo ya wuce, ban ma tambayi ranar ba.

Da damina ta sauka direban goron nan ya dawo daga wata doguwar tafiya, ya zo har rumfa. Ya ce ya ga abokina a wata kasuwa a ƙasar Katsina, yana gyaran injin niƙa a gindin bishiya. Dangin uban ba su san da su ba. Mutanen garin suna ce masa ɗan Gwanja, yara suna kwaikwayon Hausarsa. Mma ta rasu ba da daɗewa da isarsu ba.

"Ya ba ni saƙo," in ji direban. "Ya ce in tambaye ka, wai ta ja?"

Na ce, "Ka ce masa jela ta gamu, zare ya kwanta. Ka ce masa ban sani ba ko ta ja, don ba ta karɓi kowa ba. Ya zo ya gwada abinsa."

Da direban ya sake komawa bai same shi ba. An ce ya bi wata mota ya yi gabas neman aiki. Kafin shekarar ta ƙare ni ma na bar Kumasi, don na kasa zama kusa da rumfar abokina da wani ya shiga. Na bar motar a hannun mai lagireto. Duk garin da na sauka bayan haka, Kano ko Damagaram ko Fort Lami ko Kartum, nakan shiga unguwar makanikai in tambayi wani gajere mai gyaran giyabos da kunne, mai Hausar Kumasi. An sha nuna mini gajeru.

Da na koma bayan shekaru masu yawa, mai lagireto ya tsufa, 'ya'yansa ne a rumfar. Injin an daɗe da sa shi a wata motar, bututun sun koma wajen mai walda, jelar kuwa tana kan rufi tana tara ruwan sama cikin duro. Ya ba ni haƙuri, na ce ba komai. Sai ya ja ni cikin ɗakin ajiya ya ɗaga wani buhu. Giyabos ɗin ne, a goge, da mai a jikinsa. Ya ce shi kaɗai ne ya hana a taɓa, ko Masta zai dawo.

Na tsuguna na kama ɗan ƙarfen da sanda take riƙewa, na juya shi ina turawa. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Na ja ta huɗu, ta shiga da ɗan ƙaramin sauti, ba gardama. A hannu lafiya lau take shiga. Ko a wancan lokacin ma a hannu tana shiga.